Icce Tun Yana Ɗanye Ake Tanƙwara Shi

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a bana shi ne wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau maganar makamashi, abin da muke ƙonawa mu dafa abinci, mu tuƙa mota, mu tayar da inji. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ya kamata a riƙa koya wa ƙannenmu na ƙaramar sakandare abubuwan da za su iya maye gurbin itace da fetur, kuma a koya musu da hannu, su taɓa, su gwada, su gani. Kafin wani ya ce wannan yaro ya cika shisshigi, bari in faɗi yadda aka yi maganar ta shiga raina.

Bara, a zangon karatu na uku, an sa ni cikin masu taimaka wa firifet ɗin abinci. Aikina shi ne in tsaya a bakin kicin in ƙirga kwanuka, in tabbata kowane tebur ya sami rabonsa. Wata ranar Talata cikin watan Yuli aka wuni ana ruwa, itacen da aka sauke a fili duk ya jiƙe sharkaf. Aka kaɗa ƙararrawar abincin dare kamar yadda aka saba, muka zo da cokulanmu, ashe ko ruwan tuwo bai tafasa ba. Na leƙa cikin kicin, ban iya daɗewa ba, domin hayaƙi ya turnuƙe ko'ina. Masu dafa mana abinci, waɗanda wasunsu sun yi jika da ni, suna durƙushe gaban murhu suna fifita wuta da murfin kwano, hawaye na zuba daga idanunsu. Ba mu ci gabzarmu ba a daren nan sai wajen ƙarfe goma. Aka soke karatun dare, 'yan aji ɗaya da yawa kuwa barci ya kwashe su a kan benci da yunwa.

Ana cikin wannan jira sai wani ɗan aji ɗaya ya matso kusa da ni ya ce, "Siniya, ashe in babu icce babu abinci ke nan?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ba ni da ita. Abin kunyar shi ne, ni ɗin nan na ci jarrabawar kimiyya ta aji uku da kyakkyawan sakamako, kuma a cikinta na jero hanyoyin samun makamashi tiryan-tiryan: rana, iska, ruwa, gas, kwal, da sauransu. Na haddace su kamar aku, amma da ranar amfaninsu ta zo, ko ɗaya ban san yadda za a tafasa ruwa da shi ba. Tun daga daren nan na gane akwai gyara a yadda ake koya mana wannan abu.

In na koma gida ma labarin bai sake ba. Innata tana toya waina a ƙofar gida tun ina goye. Kullum da asuba ita ke hura wuta, tun da na yi wayo nake jin tarinta, idanunta kuwa kullum ja. Da can na ɗauka haka rayuwar mata take, sai daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 3.2 ne suka mutu a shekarar 2020 saboda cututtukan da hayaƙin itace da gawayi da kananzir ke haddasawa a cikin gidaje, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙar wannan hayaƙi.

Babana kuwa A Daidaita Sahu yake ja. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare, ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya yi shelar janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Kafin wannan rana farashin lita na hukuma bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura naira 500 a nan Arewa, a watan Oktoba na 2024 kuwa ya tsallake naira 1,000. Ba sai na gaya wa iyayenmu abin da ya biyo baya ba, su suka fi ni sani. A gidanmu dai kuɗin kashewa da ake ba ni ranar komawa makaranta ya ragu, garin kwakin da ke cikin akwatina ma ya ragu. Kananzir da gas ɗin girki suka yi tsada, maƙwabtanmu da suka bar itace suka komo masa, gawayi ya zama abin nema.

To, wannan itace da gawayi daga ina suke fitowa? Daga daji mana. Kakana a ƙauye yakan ce, lokacin da yake yaro a bayan gari ake yin itace, a dawo kafin hantsi. Yanzu mai jaki sai ya yi sammako, ba ya komowa sai la'asar, marke da ƙirya kuwa sun zama sai labari a dajinmu, har an fara taɓa ɗorawa da kaɗanya waɗanda a da ba mai sa musu gatari. Gawayi ya fi itace cin daji, domin a yadda ake ƙona shi a rami, sai an kashe itace kilo 5 ko fiye kafin a sami kilo ɗaya. A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa shingen itatuwa daga Senegal har zuwa Jibuti don tare hamada, kuma jihohi 11 na Arewacin Nijeriya suna cikin aikin. Amma in ana dasawa da safe ana sarewa da yamma, yaushe shingen zai tsaya? Mai sara kuwa ba mugu ba ne, abin da zai dafa abinci yake nema, ba a nuna masa wani ba.

Mai karatu ya ga ke nan abu uku ne suka haɗu a wuri guda: lafiyar iyayenmu mata, da aljihun iyayenmu maza, da dajin da ya rage mana. Duk ukun a bakin murhu da bakin tanki suke. Saura in faɗi abin da ya sa na ce a fara da 'yan ƙaramar sakandare.

Dalili na farko, su ne masu hulɗa da makamashi kullum. Wa ake aike ya sayo gawayi? Wa ake ba galan ya je wajen 'yan bumburutu ya sayo fetur na janareto? Wace ce ke zama gaban murhu tana iza wuta in uwa ta shiga ɗaki? Yaro ne ko yarinya 'yar shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu. Wanda abu ke hannunsa kullum shi ya fi cancanta a sanar da shi amfaninsa da haɗarinsa.

Dalili na biyu, a ƙaramar sakandare ne karatun dole yake ƙarewa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta shekarar 2004 shekara tara ta wajabta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Kowannenmu ya san abokan da muka rabu da su a aji uku. Wani yana gareji, wani yana kasuwa, wata an yi mata aure, yanzu haka tana gaban murhu. In aka ce sai an zo babbar sakandare, ko sai an shiga jami'a, za a koyi wannan abu, to, waɗanda suka fi bukatarsa sun riga sun tafi.

Dalili na uku, ƙananan yara ba su jin kunyar tambaya, ba su kuma ƙyamar taɓa ƙasa. Mu manya jarrabawar fita ce kawai a gabanmu, abin da duk ba zai fito a takarda ba sai mu ce ɓata lokaci ne. Yaro kuwa in ya ga abin mamaki, ba ya hutawa sai ya kai labarinsa gida. Ta bakinsa ilmin zai shiga gidajen da malami ba zai taɓa shiga ba. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ban faɗi wannan da ka ba, mun gwada. Bayan daren da na ba da labari, na kai kukana wajen malaminmu na kimiyya. Bai yi mini dogon bayani ba, sai ya ce in jira kaka. Da aka yi girbi a gonar makaranta, ya sa muka tara totuwar masara da ɓawon gyaɗa, abubuwan da a da ake share su a cinna musu wuta. Muka zuba su a tsohuwar durom da aka huda gindinta, muka kunna, da wuta ta kama sosai muka rufe bakin durom, muka toshe hudojin da ƙasa, domin in iska ta ci gaba da shiga toka za su zama. Washegari muka tarar sun koma baƙi ƙirin. Muka daka su a turmi, muka kwaɓa garin da kunun sitacin rogo, muka riƙa dannawa cikin gwangwanin madara muna fitar da shi curi-curi, muka shanya a rana.

Karon farko ba mu ci nasara ba. Mun cika ruwa, mun rage sitaci, da curin ya bushe sai ya riƙa marmashewa a hannu. 'Yan aji ɗaya da suka kewaye mu suka yi ta dariya. Karo na biyu muka gyara kwaɓin, muka bar shi mako guda a rana. Da muka zuba a kurfoti sai ga shi ya kama, ja wur, hayaƙi kaɗan, har muka dafa wake da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne, waɗannan masu dariya su suka fi kowa tambaya mai ma'ana. Wani ya ce a garinsu ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi ake tara shi bayan injin casa a banka masa wuta, ko shi ma zai yi? Malam ya ce zai yi, sai dai yana da yawan toka, gara a gauraya shi da totuwa. Wani ya tambayi garin katako na wajen masu yankan katako. Malam ya ce ya kawo in an dawo hutu a gwada. Ya kuwa kawo, cike da buhun siminti.

Gwajinmu na biyu da kashin shanu ne. Muka sami jarka, muka dama ɗanyen kashi da ruwa daidai wa daida, muka zuba, muka bar sarari a sama, muka toshe bakin da kyau, muka ja siririn tiyo daga murfin zuwa tsohon tib na taya. Muka ajiye ta a rana bayan ɗakin gwaje-gwaje. Aka yi kwana da kwanaki ba labari, har an fara yi mana ba'a ana kiranmu sarakunan kashi. Wajen mako na uku tib ya kumbura. Iskar farko ta ƙi kamawa, Malam ya sa aka sake ta. Da ya kyasta ashana a ta biyu, sai ga harshen wuta shuɗi, ba hayaƙi ko kaɗan. Ya bayyana mana cewa wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke cin kashin a inda babu iska, su fitar da gas, kuma fiye da rabin wannan gas irin wanda ake haƙowa ne daga ƙarƙashin ƙasa. Wani ɗan manomi ya ce, to, ai an yi asarar taki. Malam ya ce ko kusa, ruwan da ya rage a jarka taki ne mai kyau, a kai shi gona. A ƙasashen Indiya da Sin gidaje miliyoyi suna girki da wannan gas. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kansa, da murhu mai tsimin itace, da na'urar girki da zafin rana. Mu da muke da kara da mayanka a kowane babban gari, me ya hana yaranmu su san wannan?

Saboda haka ga yadda nake ganin za a tsara abin. 'Yan aji ɗaya a fara musu da murhu. A ba su itace daidai nauyi, da ruwa daidai awo, kashi ɗaya su girka a kan duwatsu uku a fili, kashi ɗaya su kewaye murhunsu da laka su bar ƙofa ɗaya, su rufe tukunya. Su riƙe agogo, su auna itacen da ya rage. Da idonsu za su ga cewa a murhun duwatsu uku yawancin zafin ta gefe yake tserewa. Wannan darasi ɗaya ya haɗa kimiyya da lissafi, kuma ko ba a sauya makamashi ba an rage cinsa. 'Yan aji biyu su yi curin gawayi da gas na kashin dabbobi. 'Yan aji uku kuma a kai su ga abin da zai iya shiga tankin mota in ba fetur ba.

A nan akwai labarai masu daɗin ji da na so a ce an ba ni tun ina can. A shekarar 1973 farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Ƙasar Birazil, wadda a lokacin sayo yawancin manta take yi daga waje, ta ji jiki. A 1975 ta kafa shirin tace wani ruwa daga rake, wanda ake kira itanol, ɗan'uwan sifirit ɗin nan na asibiti. Tun daga 2003 ake ƙera motoci a can masu shan fetur ko itanol, duk wanda direba ya ga ya fi araha, kuma fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen mansu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasa itanol ne. Wannan tashin farashi da ya sa su neman mafita, mu kuɗi ya kawo mana, muka shagala, fari da cutar gyaɗa suka ƙara, har dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Alhali kuwa a bajekolin birnin Faris na shekarar 1900 an nuna injin dizal, ƙirar Bajamushe Rudolf Diesel, yana aiki da man gyaɗa zalla. Ɗan aji uku da ya ji wannan, ya san man da ke cikin tanki ba daga rijiya kaɗai yake iya fitowa ba, daga gona ma yana fitowa.

A koya musu kuma abin da ke faruwa a kan titunanmu. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci da kekuna masu ƙafa uku su riƙa aiki da matsattsen gas da ake kira CNG. Akwai kuma babura da kekuna masu aiki da batir, waɗanda ake iya yi wa caji da farantin sola. Yaron da zai shiga gareji bayan aji uku, irin waɗannan injuna zai tarar nan gaba. Amma a gaya musu gaskiya duka, kada a yi musu tallar ɗan koli. CNG ya fi fetur ƙarancin hayaƙi, amma shi ma daga ƙarƙashin ƙasa yake, mai ƙarewa ne, kuma bai amfani direba ba in babu wurin ɗura shi a kusa. Batir yana da tsada, yana kuma mutuwa. Bini-da-zugu da aka yi ta yayatawa a wasu shekaru, ana cewa man 'ya'yansa zai maye gurbin dizal, yawancin manyan gonakinsa sun watse, domin bai ba da 'ya'ya a busasshiyar ƙasa yadda aka zata ba. Sanin abin da ya faɗi ilmi ne kamar sanin abin da ya tsaya.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma na saurare su. Wani abokina ya ce, ƙasar da take da man fetur me za ta yi da kashin shanu? Na ce masa, tun 1956 aka sami mai a Oloibiri, tun 1980 aka buɗe matatar Kaduna, amma innata da tasa har yau da icce suke girki. Man da ke ƙarƙashin ƙasa bai taɓa tafasa tukunyar talaka ba sai ya biya.

Wasu suka ce, ana fama da tsadar abinci, ina hankali a mai da rake da rogo da gyaɗa man mota? Wannan magana tana da nauyi, ni ma ban yarda a ɗauke abinci daga bakin mutum a ba inji ba. Shi ya sa na ce a fara da abin da ake zubarwa: totuwa, ɓawo, ɓuntu, garin katako, kashin dabbobi. Ita kanta wannan gardama ta abinci da mai, a kawo ta aji uku a yi muhawara a kanta, yara su koyi auna riba da hasara.

Wasu suka ce ba kuɗi, ba kayan aiki. Kawuna, wanda ya yi sakandare a shekarun 1980 sa'ad da aka fara tsarin 6-3-3-4, ya ba ni labarin manyan injunan koyon sana'a da aka kawo makarantarsu daga ƙasashen waje, suka shekara da shekaru cikin akwatuna ba a buɗe ba, don ba wutar lantarki, ba wanda ya iya haɗa su. Ba irin wannan nake roƙo ba. Duk kayan gwajinmu tsohuwar durom ce, da jarka, da tib, da gwangwani, da turmin aro. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta sa haɗa farantan sola da gyaransu cikin sana'o'in da ɗalibi zai iya zaɓa. Wannan abin a yaba ne. Sai dai zaɓi ne, ba kowa zai ɗauka ba, kuma farantin da talaka zai iya saye fitila yake bayarwa da cajin waya, ba ya tuƙa tuwo. Maganar murhu tana nan tana jira.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata uwa, wadda ta ce yara da wuta ba sa haɗuwa. Gaskiya ne, kuma ban ce a bar yaro ya yi gwaji shi kaɗai ba, ko a ɗakin kwana, ko ba malami a tsaye. Amma, Inna, yaran nan sun riga sun haɗu da wuta a gida, abin da ba su haɗu da shi ba shi ne sanin haɗarinta. Yara nawa suka san cewa gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko janareto a cikin zaure, yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta kashe mutum yana barci? Nawa suka san cewa in an ji warin gas a kicin, taga ake buɗewa, ba a kyasta ashana, ba a taɓa makunnin lantarki? Nawa suka san tukunyar gas ɗin girki daban, ta mota daban, don matsin da ke cikin ta mota ya ninka na girki sau da yawa? Daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗiban man da ya malala, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Na san talauci ne ya kai da yawansu wurin. Amma ina so kowane ɗan aji ɗaya ya san cewa tururin fetur shi ke kama wuta, yana bin ƙasa ya yi nisa ba a ganinsa, ƙanƙanen tartsatsi ya ishe shi. Yaron da ya san wannan, in ya ga tanka ta faɗi, gudu zai yi, ya ja ƙanensa.

Roƙona ga shugaban makarantarmu da malamanmu ba mai yawa ba ne. A ba 'yan ƙaramar sakandare ɗan fili bayan kicin, da darasi biyu ko uku a kowane zango wanda za a yi a waje, hannu cikin ƙasa. A gayyaci masu dafa mana abinci su yi wa yara bayani, domin sun fi kowa a makarantar nan sanin halin wuta. Ranar rabon kyaututtuka a keɓe tebur guda inda yara za su nuna abin da suka yi. Ku iyayenmu, in yaro ya zo hutu ya ce a ba shi totuwa ko tsohuwar jarka, kada a kore shi a ce wasan banza ne. A tsaya a kansa, a tambaye shi, a bar shi ya gwada a tsakar gida. Ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta taimaka da rumfar ajiye itace, ko don kada a sake kwana da yunwa ranar ruwa. Mu manyan ɗalibai, maimakon mu riƙa aiken ƙannenmu wanki da ɗiban ruwa kawai, mu ba su sa'a guda ranar Asabar mu koya musu abin da muka sani.

Ban ce curin gawayinmu zai ciyar da makaranta ba, totuwar gonarmu duka ba za ta yi girkin mako guda ba. Da na kai wa innata 'yan curi a hutun da ya wuce, ta ce suna da wuyar kamawa, amma ta yarda ba su sa ta hawaye ba, har ta tambaye ni ko akwai saura. Wannan ya ishe ni somawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma itace da fetur kullum ƙara nisa suke yi da hannun talaka.

Yaron nan da ya yi mini tambaya a bakin kicin yanzu yana aji biyu. Shi ne ya fi kowa daka a turmi ranar da muka yi curi, shi ne kuma ya kawo buhun garin katako. In wani sabon ɗan aji ɗaya ya tambaye shi ko in babu icce babu abinci, ba zai yi shiru kamar yadda na yi ba. Ƙanwata tana aji shida na firamare, baɗi za ta shiga ƙaramar sakandare, kuma ita ke iza wa Inna wuta tun da na taho makarantar kwana. Fatana ita ma ta sami amsar kafin ta gama aji uku.

 Wanda ya ga kuskure a maganata, ƙofar mujallar baɗi a buɗe take, ya gyara mini.